Ragowar Ruwan Buta

Ku da kuke zuwa nan kuna cewa a koya muku sana'ar fulawa cikin sati biyu, ku nemi wuri ku zauna tukuna. Jiya ɗayanku ya dube ni ya ce, "Baba Sale, ai zuba ruwa ne kawai." Zuba ruwa ne kawai! Shekara talatin da 'yan kai ina kula da fulawar ɗaki a garin nan na Bauchi, gidaje da ofisoshi, kuma waɗanda na ga ƙishirwa ta kashe ba su taka kara sun karya ba. Ruwa ne ke kashe su, ruwan mutanen da ke son su. Zan ba ku labarin tukunya ɗaya ta wata tsohuwa a unguwar Ɗan Iya, wadda mijinta ya mutu ya bar mata, ta kama hanyar bin sa, aka kira ni in tsayar da ita. Amma ba za ku gane abin da na gani a falon nan ba sai kun san yadda aka koya mini.

Ranar da na fara aiki a wurin Baba Dauda, a lambunsa na bakin hanya a Fadaman Mada, tukwane goma ya jera mini a ƙarƙashin rumfa. Bajari ne, ɗan ƙabilar Jarawa, ya daɗe yana aikin gadina, wato kula da lambu, a gidajen manyan ma'aikata kafin ya buɗe nasa, kuma Hausarsa ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "shi" ne. Ya miƙo mini buta ya ce, "Ba mai ƙishi ruwa." Ya tafi. Ni ɗan Ƙofar Dumi, ina ganin na zo da ƙarfi, na bi su ɗaya bayan ɗaya na cika su taf, har na ƙara ɗebo wani. Da ya dawo bai yi faɗa ba. Ya dube ni kawai ya ce, "Uku ne yake ƙishi. Bakwai ka yi masa ɗure." Ya karɓe butar. Wata uku cur ban sake zuba ko ɗigo ba, aikina in bi shi ina cusa yatsa a ƙasa ina faɗa masa abin da na ji, yana cewa e ko a'a.

To kayan aikin ke nan, na farkonsu Allah ya ba ku kyauta. Ka cusa yatsa har gaɓa ta biyu. In ka ji sanyi, ƙasa ta manne maka, ka wuce abinka. In ta fito a bushe tana zuba, lokaci ya yi. Tukunya mai zurfi yatsa ba ya kai wa, sai ka soka tsinken tsire har ƙasa, ka zare ka duba kamar mai gwada dahuwar dankali. Ta ƙasa kuwa, wadda mata masu ginin tukwane ke yi, ƙwanƙwasa ta za ka yi da bayan yatsa: mai ƙishi tana amsawa ƙwal-ƙwal, wadda ta ƙoshi sai ta yi maka dum. Ƙarama ka ɗaga ta ka ji nauyinta. Sauran kayan ba su cika jaka ba: ƙaramar wuƙa, almakashi, ƙusa ta huda gindin tukunya, tsumman goge ganye, da dakakken gawayi a leda.

In za ka zuba, ka zuba da gaske. Ba wannan tsiyaye-tsiyayen na kullum ba, da ke jiƙa sama ya bar saiwa a can. A hankali, ka zagaya bakin tukunyar, har ka ga ruwa ya fito ta hudar gindi ya taru a faranti. Ka ɗan jira, ka zubar da na farantin. Daga nan ka rabu da ita. Kwana nawa? Wannan tambayar ce ta fi ba ni haushi, don kowa so yake in ce masa Litinin da Alhamis ya rubuta a bango. A bazara, lokacin da garin nan ke gasa mutum, wadda ke kusa da taga tana iya neman ruwa bayan kwana uku. Da damina ita ɗin dai za ta yi kwana goma ko sati biyu ba ta nema ba. Tukunyar roba tana riƙe ruwa fiye da ta ƙasa. Wadda ke lungu mai duhu ba ta shan rabin abin da ta bakin taga ke sha. Kuma ga tarkon da kowa ke faɗawa: fulawar da ƙishi ya dama ganyenta na lanƙwashewa, wadda ruwa ya ruɓar wa saiwa ita ma haka take lanƙwashewa. Mai gida ya gani, tausayi ya kama shi, ya ƙara ruwa. Garin neman gira a rasa ido.

Duk wannan na san shi kamar yunwar cikina lokacin da na samu aikin wani ofishi mai hawa biyu, tukwane ashirin da huɗu a jere cikin dogon lungun da ake bi a fita ta baya. Ni na zaɓi ƙasar, ni na haɗa ta da yashi da ruɓaɓɓen takin shanu, ni na huda kowace tukunya. Na roƙi masu shara da masinjoji kada kowa ya ba su ruwa, suka rantse mini ba sa bayarwa, kuma na yarda ba ƙarya suka yi ba. Amma damina na kankama sai ganye ya fara rawaya yana zuba. Duk ranar da na zo na cusa yatsa, laka. Na daina zubawa ɗungurungum, laka dai. Na ce rufi ne ke yoyo, na hau na duba, ba yoyo. Na canza ƙasa, na kawo sababbi daga lambuna, su ma suka bi sahu. Baba Dauda a lokacin ya riga mu gidan gaskiya, ba wanda zan tambaya. Rannan babban jami'in ya kira ni ofishinsa ya ce, "Malam Sale, mun ɗauke ka ka raya ne ko ka binne?" Aka sallame ni. Kun san garin nan, kafin sati labari ya kai inda ƙafata ba ta kai ba. Gidaje uku suka aiko cewa in huta. Shekarar nan rake na koma sayarwa a bakin titi, kuma abin da ya fi rashin aikin ci mini rai shi ne ban san me na yi ba.

Ina kan fere raken nan wata mata ta sauko daga keke ta tambayi Sale mai fulawa. Sunanta Maryam, malamar firamare ce. Ba ta ɓoye mini ba, ta ce, "Malam, an ce mini bana hannunka ba kyau. Amma Babanmu a wurin maigidanku ya sayo wata fulawa shekara goma sha takwas da suka wuce, kuma Inna ta ce ba wanda zai taɓa ta sai wanda ya koya a wurinsa." Mahaifinsu, Alhaji Buba, tsohon ma'aikaci, ya rasu kwana talatin da suka wuce. Mahaifiyarsu Hajiya Dudu tana takaba. Fulawar da yake ji da ita tana zubar da ganye ɗaya-ɗaya tun bayan sadakar bakwai. Maryam ta ce, "Inna ta ce fulawar bin sa take yi. In ganye ya faɗi ranar nan ba ta cin abinci. Ni ba ta fulawar nake ba, Malam, ta Inna nake."

Na samu fulawar a falo, irin wadda muke kira ceɗiyar ɗaki, mai faɗin ganye mai sheƙi, in ka karya ya yi farin ruwa kamar nono. Ta fi ni tsawo. Ganyen ƙasa duk sun zube, na tsakiya sun yi rawaya sun rataye. Maryam ta nuna mini inda take zama da, bakin taga, amma an janye ta zuwa lungun ƙofar tsakar gida don a shimfiɗa wa masu gaisuwa tabarmi, ba a kuma mayar da ita ba. Hajiya Dudu na zaune can gefe cikin hijabi, doguwar Bafillatana, ba kwalli ba komai, carbi a hannu. Na durƙusa na yi mata gaisuwa, ta amsa. Ta ce, "Ɗan nan, ka duba mini. Wallahi ban taɓa barin ta da ƙishi ba." Na cusa yatsa, ya nutse kamar a kunu. Na sunsuna, ƙasar na warin tsami, ƙananan ƙudaje na tashi daga ciki. Warin ofishin nan ne sak. Na ce a raina, ruwa ba ya tsami banza.

Ina tsugune ina wannan sai aka kira azahar. Akwai mata uku da suka zo gaisuwa daga ƙauye, suka fita tsakar gida alwala. Ta farko ta dawo, ta tsaya a bakin ƙofa, ta karkata butarta a kan tukunyar, a gabana, ta juye abin da ya rage ta ce, "Allah Ya kai ladan kabarin Alhaji." Ta biyu ta zo ta yi haka. Ta uku ma. Hajiya ta fita ta dawo, ita ko rabin ruwan butarta ba ta yi amfani da shi ba, ta juye duka. Na zauna daɓas a ƙasa. Lungun ofishin nan, ta nan ake bi a fita masallacin baya! Kowane ma'aikaci ya yi alwala, ya shigo da ragowar ruwa, ba ya son ya zubar a banza, sai ya ba fulawa. Da ka tambaye shi ko ya ba ta ruwa zai ce a'a, don shi a wurinsa ba ban ruwa ya yi ba, ragowa ya ƙi ɓarnatarwa. Wata shida ina hawan rufi, ashe abin yana wucewa ta gefena azahar da la'asar.

Bayan mun yi salla na nemi a ba ni dama in yi magana. Ba abu ne mai sauƙi ba ka ce wa mai takaba sadakar da take wa mijinta ita ce ke ɓarna. Na ce, "Hajiya, sau nawa take samun ruwa a rana?" Ta ce duk salla, ban da na baƙi. Na ce, "To ruwan ne ya yi mata yawa. Saiwarta ta ruɓe." Ta ɗago kai ta dube ni, na ji kamar in nutse. Ta ce, "Ruwan alwala ne zai kashe abu? Kai ɗan nan, ka ji tsoron Allah."

Na ce, "Hajiya, ruwan mai tsarki ne, ba shakka. Amma saiwa numfashi take yi a cikin ƙasa. Ko zamzam ne, in ya rufe ta kwana talatin sai ta shaƙe."

Ta ce, "Alhaji kullum da safe da buta yake zuwa wurinta. Kullum. Shekara goma sha takwas ina gani."

Na ce, "Kullum kina ganin ya zuba?"

Maryam ce ta ce, "Inna, hankicinsa." Hajiya ta dafe ƙirji. Ta ce, "La'ilaha illallahu. Kullum hankicinsa da jar ƙasa. Na yi masa faɗa har na gaji, ina cewa dattijo da kai kana wasan ƙasa." Na ce mata ai tambayar fulawar yake, ya cusa yatsa ya ji, in ba ta so ya goge hannu ya koma da butarsa. Ita daga baya take hango shi, butar kawai take gani.

Mu biyu da Maryam muka kinkimi tukunyar zuwa tsakar gida muka kwantar. Da na zare ta, ruwa baƙi ya biyo. Saiwa ta toshe hudar gindin tun tuni, shi ya sa ko ɗigo ba ya fita. Lafiyayyar saiwa fara ce mai ƙwari, waɗannan kuwa sun yi baƙi, in ka ja sai fatar ta saɓule a hannunka. Na yanke duk ruɓaɓɓun, abin da ya rage bai fi cikin tafi biyu ba. Na barbaɗe su da gawayi. Sannan na ce sai an rage mata tsawo, don ɗan abin da ya saura ba zai iya ciyar da wannan jiki ba. Hajiya na tsaye a bakin ƙofa ta ce, "Yanka ta za ka yi?" Na ce rabi. Ta juya baya ta ce, "Yi abin da za ka yi." Na sare ta daidai ƙuguna, ganye biyar na bar mata. Na sa ta a ƙaramar tukunyar ƙasa da sabuwar ƙasa mai yashi, mai ɗan danshi kaɗan, na mayar da ita bakin tagarta. Na ce, "Daga yau ba ruwa, ko ɗigo, sai na zo na ce. Ko kin ga ta lanƙwashe, ko ganye ya faɗi." Ta ce to ragowar butar fa, da ladan Alhaji? Na ce a ajiye randa a ƙofar gida a cika ta da ruwan sha, masu wucewa da 'yan acaɓa su sha, ragowar buta kuma ga darbejiyar waje nan, ita ba ta ƙoshi.

Kwana shida Maryam ta zo mini a rikice, ta ce ganye biyu sun faɗi, Inna ta ce yau sai ta zuba. Na bar raken na bi ta. Na soka tsinke, ya fito da danshi har rabi. Na ce ba yanzu ba. Hajiya na zaune gaban tukunyar da buta cike a gefenta. Ta sa Maryam ta rufe ƙofa, sannan ta yi magana ba tare da ta dube ni ba. Ta ce, "Malam Sale, ka san yadda Alhaji ya tafi? Tiyata za a yi masa, likita ya ce kada a ba shi komai, ko ruwa. Leɓensa ya bushe. Ya ce mini, 'Dudu, ko maƙurwa ɗaya.' Sau uku yana roƙo na. Na ce ka yi haƙuri, in ka fito ka sha ka ƙoshi. Aka shiga da shi." Ta juya carbinta. "Bai fito ba. Yanzu kai ma ka zo kana ce mini in hana."

Tausayinta ya kama ni. Kuma ku sani, ni ɗin da ke tsaye ina ba da umarni, mutum ne da tukwane ashirin da huɗu suka mutu a hannunsa shekarar nan. Ba ni da tabbas za ta tashi. Da na ce ta ɗan yayyafa, da na fita kunya, ita ma ta samu sanyi a ranta na kwana biyu, sannan fulawar ta ƙarasa. Na ce, "Hajiya, ba zan yi miki ƙarya ba. In kin hana, ban rantse za ta rayu ba. In kin zuba, na rantse za ta mutu." Sannan ta tura butar gefe da ƙafa, ta ce wa Maryam ta ɗauko mata tsohon ɗankwali.

Ɗankwalin nan ta ɗaure bakin tukunyar da shi, ta bar karan kawai a waje, don kada baƙi su zuba ba ta gani ba. Maryam ta ce har da yayar Alhaji suka yi sa-in-sa, wadda ta zo daga nesa ta ce ita ba mai hana ta yi wa ƙaninta sadaka. Hajiya ta ce mata randa na waje. Suka wuni ba sa magana. Na riƙa leƙawa bayan kwana biyu-biyu, in ɗaga ɗankwali in soka tsinke in ce tukuna. Wani ganye ya ƙara faɗuwa, saura biyu. Duk zuwan da na yi a wuri ɗaya nake samun Hajiya, a gaban tagar, ba ta tambaya ta komai, idona kawai take kallo.

Ranar sha uku tsinke ya fito a bushe ƙarƙaf. Na ƙwanƙwasa tukunyar ta amsa. Na duba karan da kyau, sai ga shi ƙasa kaɗan da inda na sare, wani ɗan jan tsiro ya ɓullo, bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba. Ita ceɗiyar ɗaki haka sabon ganyenta ke fitowa, a naɗe cikin jan kube. Na nuna wa Maryam, ta kama hannun uwar ta kai yatsanta wurin, don idonta ba ya gani sosai. Ta shafa shi a hankali. Na kwance ɗankwalin na ce, "Hajiya, yau tana so."

Ta ce, "Nawa?"

Na ce, "Har ta ƙoshi."

Ta tashi da kanta ta fita ta cika butar, ba ragowa ba. Ta durƙusa, Maryam ta kai hannu za ta taya ta, ta ture. Ta yi bisimilla ta fara zubawa a hankali tana zagaya baki, ƙasar na tsotsewa tana ƙara, tana cewa, "Sha. Sha, ga shi na kawo." Maryam ta rufe fuska da mayafi ta fita tsakar gida. Ni aikina bai ƙare ba, dole na tsaya. Na tsaya har ruwan ya fito ta gindi ya taru, na zare farantin na kai waje na zubar, na mayar. Da na ɗauki jakata na yi sallama ba ta ji ni ba, tana nan durƙushe da butar a hannu.